Ƙididdigar Ma'aikata A Jihar Kaduna: Bayan Tantancewa Da Kora, Saura Me?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi da sassafe a ranar aiki, zai riƙa cin karo da su tun kafin ya isa Fadan Kagoma. Ga malaman makaranta a kan babura, ga ma'aikatan asibiti, ga malaman gona, ga kuma akawunan Ƙaramar Hukumar Jema'a suna sauri kada a rufe littafin sa hannu. Kowannensu yana da iyali, yana da 'yar gonarsa ta citta ko ta masara, kuma an san shi a unguwarsu. Amma a can Kaduna inda ake shirya albashi, kowane ɗaya daga cikinsu layi guda ne kawai a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa: lambarsa, da ranar haihuwarsa, da ranar da ya kama aiki, da matakin albashinsa, da wurin da aka tura shi.

Abin da aka rubuta a wannan layi, da yadda aka karanta shi, shi ke yanke hukuncin ko mutum zai ga albashinsa ƙarshen wata, ko za a ƙara masa girma, ko kuwa za a miƙa masa takardar sallama. Kazalika shi ke yanke hukuncin ko yaron da ke ƙauyen bayan rafi zai sami malami a ajinsu. Saboda haka wannan magana ta shafi ma'aikaci, ta kuma shafi talakan da aka ɗauki ma'aikacin domin ya yi masa hidima.

MENE NE WANNAN ILMI?

Masana harkar gudanar da ma'aikata suna da wani fanni da za mu iya kira nazarin bayanan ma'aikata. Abin nufi shi ne hukuma ko kamfani ya tattara duk abin da ya sani game da mutanensa wuri guda, ya tace shi, sa'an nan ya yi masa tambayoyi kafin ya yanke shawara. Tambayoyin kuwa huɗu ne, kuma hawa-hawa suke kamar tsani.

Ta farko: su wane ne muke biya, kuma shin da gaske suna nan? Ta biyu: a ina suke aiki, kuma can ne ake bukatarsu? Ta uku: me zai faru nan da shekara biyar ko goma, wa zai yi ritaya, wa zai maye gurbinsa? Ta huɗu: cikin abubuwan da muke kashe wa kuɗi, kamar kwas da alawus da ƙarin girma, wanne ne yake gyara aiki, wanne ne asara?

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe a kan tambaya ta huɗu. Tun a shekarar 2008 kamfanin Google na Amurka ya shiga nazarin rahotannin ma'aikatansa domin ya gano abin da ke sa shugaba ya zama nagari, ya kuwa tarar cewa iya koyar da na ƙasa da sauraronsu ya fi ƙwarewar shugaban a kan na'ura muhimmanci. Mu kuwa a ƙasar nan, yawancin ƙarfinmu ya ƙare ne a kan matakin farko na tsanin.

TUN ZAMANIN RELUWE

Ƙidayar ma'aikata ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Garin Kafanchan kansa aikin albashi ne ya raya shi. Wajen shekarar 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso nan, ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Daga nan sai garin ya cika da direbobi da makanikai da leburori da akawuna daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Reluwe kuwa ba ta tafiya sai da lissafi. Akwai littafin zuwa aiki, akwai katin kowane ma'aikaci, akwai jadawalin wanda zai karɓi wani. In aka yi kuskuren mutum ɗaya a jadawali, jirgi ne zai kwana a tasha.

Makarantun mishan da na En'e suka zo suka ƙara buɗe wa 'ya'yan kudancin Kaduna ƙofar aikin gwamnati, har ya zama koyarwa da jinya da aikin soja da aikin ofis su ne babbar hanyar da gida ke tashi. Ƙasar Kagoma, watau ƙasar mutanen Gwong, ta ba da misali babba. Marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda aka haifa a Fadan Kagoma a 1948, ta aikin gwamnati ya hau har ya zama Babban Sakatare a Gwamnatin Tarayya, daga baya Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, sa'an nan Mataimakin Gwamna, ya kuma zama Gwamna a 2010, kafin rasuwarsa a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa a watan Disamba na 2012. A irin wannan wuri, in an taɓa albashi an taɓa kuɗin makarantar yara da takin gona da maganin tsofaffi.

A matakin ƙasa ma an daɗe ana neman gyara. Hukumar da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1972 a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, inda ta ba da shawarar a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa. Amma abin da jama'a suka riƙe daga rahoton shi ne ƙarin albashi da ariyas, har kuɗin Udoji ya zama abin labari. Shekara guda bayan haka, a 1975, Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni. Tun daga lokacin, da ma'aikacin Nijeriya ya ji an ce za a duba fayil, sai gabansa ya faɗi.

FARAUTAR MA'AIKATAN BOGI

Ma'aikacin bogi shi ne sunan da ke karɓar albashi alhali babu mai sunan a bakin aiki. Wani ya rasu ba a cire shi ba, wani ya bar aiki tuntuni, wani kuwa tun asali ƙirƙirarsa aka yi. A zamanin da ake biyan albashi da tsabar kuɗi a kan tebur, wanda ke riƙe da bauca shi kaɗai ya san gaskiya.

A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin IPPIS, wanda ya haɗa bayanan ma'aikaci da biyan albashinsa a rumbu guda. A 2014 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da lambar BVN, wadda ke ɗaure kowane asusun banki da zanen yatsun mutum ɗaya. Da aka gwama waɗannan biyu sai asiri ya fara tonuwa, domin na'ura tana iya nuna cewa albashin mutum ashirin yana zuba a hannun mutum guda. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, a lokacin Minista Kemi Adeosun, ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 daga jerin masu albashi, abin da ta ce ya rage mata kimanin Naira biliyan 2.29 a kowane wata.

Jihar Kaduna ma ta bi wannan hanya. Jim kaɗan bayan Malam Nasir El-Rufa'i ya hau mulki a 2015, aka umarci ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 23 su fito da kansu da takardunsu a ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da wannan manufa, gama kuɗin da ɓarawo ya ci da sunan mamaci, kuɗin alli ne da na allurar rigakafi. Sai dai a tuna, wannan duka amsar tambaya ta farko ce kurum.

JARRABAWAR DA TA GIRGIZA JIHA

A shekarar 2017 ne maganar ta kai inda ta kai. Gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a kan darussan 'yan aji huɗu, ta sa maki 75 cikin 100 a matsayin ci. A watan Oktoba aka bayyana cewa malamai 21,780 ba su kai ba, watau wajen biyu cikin kowane uku. Gwamnati ta ce za ta sallame su ta ɗauki sababbi 25,000.

Hujjar gwamnati a fili take: 'ya'yan talakawa ne ke makarantun gwamnati, kuma wanda bai iya abin da zai koyar ba, zaluntar yara ne a bar shi a gaban allo. Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya goyi bayan wannan mataki. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta ce sam ba ta yarda ba. A ganinta an tsawwala makin ci, kuma Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa ce ke da hurumin tantance malami. Malamai suka tsunduma yajin aiki a watan Janairu na 2018, suka janye bayan kwana goma, amma sallamar ta tabbata. Abin mamaki kuma, cikin sababbin da aka ɗauka, a 2018 sai da aka sake sallamar fiye da 4,000 bisa dalilin cewa su ma ba su cancanta ba.

Ba a tsaya nan ba. A watan Afrilu na 2021 gwamnati ta ce albashi yana lashe fiye da kashi 80 cikin 100 na kason da jihar ke samu daga asusun tarayya, wani watan ma fiye da kashi 90, ta kuma rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa a ƙarƙashin Ayuba Wabba ta kira yajin gargaɗi a watan Mayu, wanda ya tsai da wuta da jiragen ƙasa da bankuna a Kaduna har kwana uku. A watan Yuni na 2022 kuma Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta jiha ta sallami malamai 2,357, mafi yawansu saboda ƙin zama wata sabuwar jarrabawa, ciki har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba.

Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, kuma ba nufinmu a nan mu sake shari'ar da ta wuce ba. Abin lura shi ne, a duk waɗannan shekaru, kusan duk lokacin da ma'aikacin Jihar Kaduna ya ji an ambaci alƙaluma, to, takardar sallama ce ke biye. Alhali kuwa takardun jarrabawa 33,000 taska ce babba. Mai nazari zai iya gano daga cikinsu wane darasi ne ya fi ka da malamai, lissafi ko Turanci. Wace kwaleji ce ta yaye mafi yawan masu rauni. A wace shekara aka ɗauke su, kuma ta wace hanya. Su wane ne suka faɗi da maki kaɗan, waɗanda kwas na wata shida zai iya tayar da su. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: malamin da bai iya ba, wani ne ya ba shi takardar shaida, wani ne kuma ya sa hannu aka ɗauke shi.

ABIN DA JIMLA KE ƁOYEWA

Mu hau mataki na biyu na tsani, domin a nan ne ɗan Kagoma zai fi ganin amfani. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce a makarantar firamare a sami malami ɗaya ga yara 35. To, mu ɗauki misali don fahimta kawai. A ce wata ƙaramar hukuma tana da yara 35,000 da malamai 1,000. In aka raba, malami ɗaya ya tashi da yara 35 daidai, sai a rubuta wa Kaduna rahoto cewa komai lafiya.

Amma a shiga makaranta-makaranta a gani. Wata a tsakiyar gari, kusa da kasuwa da banki da wutar lantarki, tana da yara 400 da malamai 20, kowane malami da yara 20. Wata kuwa a ƙauyen da sai an ƙetare rafi, tana da yara 300 da malamai 3, kowane malami da yara 100, kuma ɗayansu shi ne hedimasta. Jimla ta yi daidai, amma yaran ƙauye suna zaune babu mai koya musu. Irin wannan matsala ba ta bukatar a kori kowa, ba ta ma bukatar a ɗauki sabon ma'aikaci. Rabo ne bai yi daidai ba.

Kowa ya san dalilin wannan. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Wanda ya san wani babba zai nemi a bar shi a Kafanchan ko Kaduna ko Zariya, marar gata kuwa a tura shi ƙauye. Muddin jerin wurin aikin malamai yana kulle cikin durowar mutum ɗaya, haka za a ci gaba. Amma in aka ɗora jerin malamai a kan jerin yara, makaranta bayan makaranta, aka zana su a taswira, to, inda ya yi yawa da inda ya yi kaɗan za su fito ƙarara. Kayan aikin ma akwai su, tun da Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna da Ma'aikatar Ilmi sun sha gudanar da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Ƙasa kuma ta yi ƙidayar ma'aikatan makarantu a 2018 da 2022.

Tura mutum ƙauye abu ne, zamansa can kuma wani abu ne daban. Ƙasar Gambiya ta gane haka, shi ya sa tun daga wajen 2006 ta fara biyan malaman da ke makarantun nesa ƙarin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na albashinsu, gwargwadon nisan wurin. Da masana suka bi sawun alƙaluman, sai suka ga yawan ƙwararrun malamai ya ƙaru a waɗannan makarantu. Ashe lissafi yana iya nuna wa gwamnati wanda ya kamata a ƙara wa, ba wanda za a rage kaɗai ba.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Mataki na uku shi ne hangen gaba, kuma shi ne mafi sauƙi in fayil yana da gaskiya. Ma'aikacin gwamnati yana yin ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Ga malamai kuwa, wata dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga wannan zuwa 65 ko 40. Ke nan ranar da kowane ma'aikaci zai ajiye aiki sananniya ce tun ranar da ya kama shi. Babu dalilin da zai sa hukuma ta wayi gari ta ce malaman lissafi sun ƙare, ko unguwarzoma ta ƙarshe a wani asibitin ƙauye ta tafi.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana kuɗar rashin wannan lissafi. Da aka fara shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, yaran da suka fito sun zarce waɗanda aka yi tanadi dominsu nesa ba kusa ba, dole aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa. Waɗanda aka ɗauka tare kuwa, tare suke tsufa, tare suke tafiya.

Kudancin Kaduna yana da abin da zai sa wannan hange ya yi aiki. Ga Kwalejin Ilmi ta Jiha a Gidan Waya, wadda ta samo asali tun 1977. Ga makarantar koyon jinya da unguwarzoma a Kafanchan, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a nan garin. Karatun NCE shekara uku ne. In hukuma ta san cewa nan da shekara huɗu malaman kimiyya kaza za su bar aiki a Jema'a da Jaba da Kaura da Sanga, sai ta sanar da kwaleji tun yau a ƙara gurbin masu karanta kimiyya, a kuma fifita 'ya'yan ƙauyukan da ke da ƙarancin malamai, domin ɗan gida ya fi zama. Daɗin daɗawa, Makarantar Koyon Ƙididdiga ta Tarayya tana Manchok, cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, maƙwabciyar Jema'a. Masu iya wannan lissafi a bayan gida ake koyar da su.

Haka abin yake a fannin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wata hanya ta auna yawan ma'aikatan da asibiti ke bukata, inda ake duba yawan masu haihuwa da masu zuwa awo da yaran da ake yi wa rigakafi, a lissafa mintocin da kowane aiki ke ci, sa'an nan a fitar da adadin ma'aikata. Jihar da ke da gundumomi 255, wadda kuma ta ɗauki aniyar samar da ingantaccen asibitin matakin farko a kowace gunduma, ba za ta iya raba ma'aikatan jinya da ka ba.

INDA NA'URA KE TUNTUƁE

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da an sayi kwamfuta an gama. Akwai ramuka huɗu da ya wajaba a kauce musu.

Na farko, abin da ka zuba a tukunya shi za ka kwasa. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, Mamman a wurin aiki. Wani Yohanna ne a nan, John a can. Da yawa daga cikin iyayenmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai takardar rantsuwa daga kotu. Ni kaina ina da wani baffa da ya yi wata biyar babu albashi a wata ma'aikata da ba sai na ambaci sunanta ba, don kawai harafi ɗaya ya bambanta tsakanin fayil ɗinsa da asusunsa na banki. Yana zuwa aiki kullum, amma a idon na'ura shi ma'aikacin bogi ne. Kuɗin motar da ya kashe wajen bin sawun gyara ya kusa cinye albashin wata guda.

Na biyu, na'ura ba ta fi ƙarfin masu riƙe da ita ba. A gundumar Udaipur ta ƙasar Indiya, wata ƙungiya mai suna Seva Mandir ta ba malaman ƙauye kyamara su riƙa ɗaukar hoto da ɗalibai safe da yamma, aka ɗaura albashi a kan zuwa aiki. Binciken da Esther Duflo da abokan aikinta suka yi ya nuna rashin zuwa aiki ya sauko daga kashi 42 zuwa 21 cikin 100. Amma da aka gwada irin wannan a kan ma'aikatan jinya na gwamnati a wannan gunduma, sai abin ya rushe cikin ƙasa da shekara biyu, saboda manyansu sun riƙa ba su takardar uzuri barkatai, na'urorin kuma suka riƙa lalacewa.

Na uku, na'ura tana koyon son zuciyar masu ita. A 2018 aka bayyana cewa kamfanin Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace masu neman aiki, domin ta koyi rage wa mata maki, tun da yawancin waɗanda suka nemi aiki a baya maza ne. A jiha irin Kaduna, inda kowane ɓangare ke sa ido a kan rabon aiki, irin wannan kuskure ba ƙaramar fitina zai haifar ba.

Na huɗu, akwai abin da alƙaluma ba sa gani. Rajista za ta nuna malam bai zo ba, amma ba za ta ce rafi ne ya cika ba, ko hanya ce ba ta biyuwa. A rikicin 2016 da 2017 da ya shafi yankin Godogodo da kewaye, manyan makarantun Gidan Waya da Kafanchan sun yi watanni a rufe. Wanda ya karanta alƙaluman waɗannan shekaru bai san wannan ba, zai yanke hukuncin zalunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka dole a tambayi hedimasta da mai unguwa da iyayen yara kafin a sa hannu.

TO, SAURA ME?

Abin da ya rage bai fi ƙarfin gwamnati ba, ko ta jiha ko ta ƙaramar hukuma. Da farko, kowane ma'aikaci ya sami damar ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kuma iya gyara kuskure a hedikwatar ƙaramar hukumarsa ba sai ya je Kaduna ba. Wannan ma haƙƙinsa ne a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Kada a tsai da albashin kowa sai an kira shi an ji ta bakinsa.

Na biyu, a liƙa a ƙofar kowace makaranta da kowane asibiti adadin ma'aikatan da gwamnati ke biya da sunan wurin. In takarda ta ce malamai tara, iyaye kuwa huɗu suke gani, ba sai an kawo mai bincike daga birni ba. A kuma riƙa buga jimlar ma'aikata da sababbin ɗauka na kowace ƙaramar hukuma a kowace shekara. Zargin wariya a cikin duhu yake girma. In alƙaluma suna fili, mai ƙorafin gaskiya zai sami hujja, mai ƙarya kuma bakinsa zai mutu.

Na uku, a zauna da ƙungiyoyin ma'aikata tun kafin a auna, a yarda a kan abin da za a auna da abin da za a yi da sakamakon. Ma'aikacin da ya tabbata cewa duk bayanin da ya bayar da shi za a yanka shi, zai ɓoye gaskiya, ya rage shekarunsa, ya nemi wanda zai sa masa hannu. Wanda kuwa ya ga cewa wannan lissafi ne ya kawo masa ƙarin girma a kan kari, da alawus na zaman ƙauye, da fensho ba tare da yawo ba, shi da kansa zai kai gyaran fayil ɗinsa.

Jihar Kaduna ta riga ta sha wahalar hawa matakin farko, ma'aikatanta kuma sun biya kuɗinsa da tsada. Asara ce a tsaya a nan. Ranar da za a ce wannan ilmi ya yi amfani ita ce ranar da uwa a wani ƙauyen Kagoma za ta raka ɗanta makaranta ta tarar da malami a kowane aji, ta wuce asibiti ta tarar da unguwarzoma a bakin aiki, su kuma ma'aikatan biyu sun karɓi albashinsu cikakke. Allah ya nuna mana.